Na rage barcina zuwa awa 4 don in sami lokacin ayyukana: in jure ko in daina?

Tambaya

Assalamu alaikum. Shekaruna 34, ina aikin ofis daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, ina da mata da yaro ɗaya. Tun ina ƙarami nake son gyaran tsofaffin rediyo da haɗa ƙananan na'urori, yanzu kuma na fara koyon rubuta manhajar kwamfuta. Matsalata ita ce lokaci. Kafin in dawo gida in zauna da iyali dare ya yi, na gaji. Ayyuka uku na fara, ko ɗaya ban gama ba. Sai na karanta a intanet cewa mutum na iya rarraba barcinsa kashi-kashi ya rage yawansa. Na ɗauki tsarin da ake kira Everyman: awa 3 da dare, da gajeren barci na minti 20 sau uku da rana. A da awa 7 da rabi nake yi, yanzu 4. Yau kwana 9 ke nan. Kwanakin farko na sha wuya, amma yanzu ina jin na fara sabawa. Sai dai shekaranjiya na ƙone yatsa da ƙarfen narka dalma, jiya kuma ina tuƙi a hanyar dawowa na farga ina kan hannun da ba nawa ba, ban san lokacin da na koma can ba. Matata ta ce in daina. Masu tsarin kuwa sun ce lokacin sabawa ne, wanda ya jure 'yan makonni ya haye. In jure ko in daina? In na daina, ina zan samo lokacin?

Mai neman ƙarin lokaci

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana. Ka daina, kuma daga daren yau. Sauran bayanin zai biyo baya, amma ban so ka karanta shafi guda kafin ka ji wannan. Kada ka sake riƙe sitiyari sai ka yi cikakken barci na wasu darare a jere.

Abin da ya same ka a hanya jiya ba shagala ba ce. Barci ne ka yi, ido a buɗe ko a rufe, na 'yan daƙiƙu. Ƙwaƙwalwar da aka hana haƙƙinta takan ƙwace shi da kanta ba tare da ta nemi izini ba, kuma mai ita ba ya sanin an yi, sai dai ya ga ɓarnar da aka bari. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 67 a cikin daƙiƙa 3. Wannan tazarar motarka ta yi ta babu direba. Ka tsira jiya, na kuma yi murna ƙwarai da ka rubuto kana lafiya, amma wanda ke tahowa a ɗaya hannun bai karanta komai a intanet ba, bai kuma amince a gwada wani tsari a kansa ba.

Ba na so ka ɗauka ina raina abin da ya kai ka ga wannan. Mutumin da ya dawo aiki a gajiye amma zuciyarsa na kan wani tsohon rediyo da yake so ya ji ya sake magana, yana da abin da mutane da yawa suka rasa tun da daɗewa. Ƙishin gaskiya ne, kuma ganin ayyuka uku a ajiye suna tara ƙura yana cin rai. Lissafin da ka yi ma a takarda daidai yake: awa 3 da rabi a kullum, awa 24 da rabi a mako, wato an ƙara maka yini guda cur. Wa zai ƙi? Matsalar ita ce waɗannan awowin ba irin awowin da kake nema ba ne, kuma abin da kake amfani da shi wajen auna su, wato yadda kake ji a jikinka, shi ma rashin barci yana lalata shi.

A nan zan daɗe, domin kalmar "na fara sabawa" ita ce ta fi tayar min da hankali a wasiƙarka, fiye ma da ƙunar yatsa. A shekarar 2003 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka, Hans Van Dongen da David Dinges da abokan aikinsu, sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum 48 lafiyayyu. An raba su rukuni-rukuni: wasu awa 8 a gado, wasu 6, wasu 4, har tsawon kwana 14, wasu kuma aka hana su barci gaba ɗaya na kwana 3. Kullum ana gwada saurin martaninsu da natsuwarsu da ƙwaƙwalwarsu. Masu awa 8 suka tsaya inda suke. Masu awa 6 da masu awa 4 kuwa kullum ƙara lalacewa suke yi, babu ranar da abin ya tsaya. Zuwa ƙarshen mako na biyu, masu awa 6 sun koma kamar wanda ya kwana guda bai runtsa ba, masu awa 4 kuma kamar wanda ya yi dare biyu a jere. To amma da aka riƙa tambayarsu yaya suke jin barci, amsarsu ta hau a kwanakin farko, daga nan ta kusan tsayawa wuri ɗaya. Suna ƙara dulmiya, suna cewa da sauƙi. Har ma bambanci tsakanin masu awa 6 da masu awa 4 bai fito sosai a bakinsu ba, alhali a gwaji a fili yake.

Ka duba wasiƙarka da wannan idon. Kwanakin farko ka sha wuya, yanzu ka daina jin wuyar. A daidai lokacin da ka daina jin ta ne ka ƙone yatsa, kashegari kuma ka bar hannunka a titi. Abin da ya saba shi ne jin gajiyar, kamar yadda hanci ke sabawa da hayaƙin ɗaki har ya daina jinsa, hayaƙin kuwa yana nan yana shiga huhu. Shi ya sa shaidar masu cewa "na yi, na saba, ina jin garau" ba ta wadatar ba ko da gaskiya suke faɗa daga zuciyarsu. Ba ƙarya suke yi ba. Ma'auninsu ne ya lalace. Matarka da ke kallonka daga waje ta fi ka ganin halin da kake ciki a yanzu, kuma ba don ta fi ka sanin ilimin barci ba.

Me ya sa jiki ba ya sabawa? Abubuwa biyu ne ke tafiyar da barci, kamar yadda Alexander Borbély na Jami'ar Zurich ya tsara bayaninsu a 1982. Na farko nauyi ne da ke taruwa tun daga lokacin da ka farka. Wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa muddin kana farke, barci ne kuma ke kwashe shi. Sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da shayi ba ya kwashe shi, toshe wuraren da yake kamawa kawai yake yi na ɗan lokaci, in ya sake ka sai nauyin ya dawo gaba ɗaya. Na biyu agogon jiki ne, wani ɗan ƙaramin gungu na ƙwayoyin jijiya a can ƙasan ƙwaƙwalwa da ke karɓar labarin haske daga ido. Shi ke saukar da zafin jiki da dare, shi ke ba da umarnin sakin melatonin, sinadarin da ke shirya jiki barci, shi kuma ke ɗaga ka da rana. Wannan agogon a cikin ƙwayoyin halitta yake rubuce. Binciken yadda yake aiki ne ya ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young lambar yabo ta Nobel a 2017. Ana iya matsar da shi gaba ko baya a hankali, kamar yadda matafiyi ke sabawa da lokacin wata ƙasa. Amma ba a sassara shi gida huɗu. Shi ya sa na tabbata wasu daga cikin gajerun barcinka kwanciya kawai kake yi kana juyi, musamman na farkon dare lokacin da agogon ke kan ganiyar riƙe mutum a farke, yayin da ƙarfe 3 ko 4 na dare, lokacin da ka ware wa aikinka, shi ne daidai lokacin da jiki ya fi kowane lokaci neman gado.

Shi kansa barcin ba abu guda ba ne da za a yanka kamar igiya. Zagaye yake yi, kowane zagaye kimanin minti 90. A farkon dare barci mai nauyi ya fi yawa, wanda a cikinsa jiki ke sakin mafi yawan sinadarin girma da gyaran tsoka, ƙwaƙwalwa kuma ke adana abin da aka koya. Can wajen asuba barcin mafarki ke ƙara tsawo, wanda masana ke kira REM, wanda Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka gano a Jami'ar Shikago a 1953. Wanda ya tashi bayan awa 3 ya samu wani kaso na mai nauyin, ya zubar da mafi yawan na mafarkin. Masu tallata waɗannan tsare-tsare sukan ce ai ƙwaƙwalwa za ta koyi faɗawa barcin mafarki nan take a cikin minti 20, sauran matakan kuma ɓata lokaci ne. Rabin maganar gaskiya ne: wanda aka hana barcin mafarki yakan faɗa cikinsa da wuri. Amma wannan alamar yunwa ce. Mai hannu baka hannu ƙwarya bayan ya yi kwana biyu bai ci ba, ba a cewa ya ƙware a ci.

Gara kuma ka san inda waɗannan tsare-tsaren suka fito. Wanda ake yawan kafa hujja da shi shi ne Buckminster Fuller, Ba'amurken nan mai ƙirƙira da zanen gine-gine. Mujallar Time ta ba da labarinsa a 1943, cewa yakan yi barcin minti 30 duk bayan awa 6, jimla awa 2 a rana. Labarin bakinsa ne, ba gwajin da aka auna ba, kuma shi ma ya bari, ya ce tsarin ya ci karo da na abokan harkarsa. Uberman, wanda shi ne barcin minti 20 sau 6 a rana, da Everyman ɗinka da aka sassauta daga gare shi, a intanet suka yaɗu daga masu gwadawa a kansu, ba daga asibiti ko ɗakin bincike suka fito ba. Abin da ake jingina wa Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen nan na Italiya, na cewa haka yake barci kuwa babu wata hujja ta tarihi a kansa. Mai binciken da ya fi kowa nazarin gajerun barci a jere, Claudio Stampi, da matuƙan jirgin ruwa masu tsere su kaɗai a teku ya yi aiki, mutanen da in suka kwanta awa 8 jirgi na iya kifewa. Dabara ce ta rage asara ga wanda ba shi da zaɓi, na ɗan lokaci. A 2021 kuma wani kwamitin masana da cibiyar National Sleep Foundation ta Amurka ta haɗa ya bi binciken da ake da shi kan irin wannan barcin da ake rarrabawa don a rage yawansa, bai sami hujjar amfaninsa ba, ya kuma ba da shawarar kada a bi shi.

Kada wannan ya sa ka ɗauka raba barci gida biyu laifi ne. Masanin tarihi Roger Ekirch ya tattaro shaidu masu yawa da ke nuna cewa kafin wutar lantarki mutane a Turai kan yi barcin farko, su farka na ɗan lokaci a tsakiyar dare, su koma na biyu. Thomas Wehr kuma, a wani gwaji da aka wallafa a 1992, ya sa mutane cikin duhu na awa 14 kowane dare har wata guda. Da farko sun yi ta barci mai tsawo suna biyan tsohon bashi, daga baya barcinsu ya rabu biyu da kansa, kowane kashi kimanin awa 4, da farkawa a tsakani. Ka haɗa lissafin: kimanin awa 8 ke nan. Sun raba, ba su rage ba. Wannan shi ne bambancin da masu tallata Everyman ke tsallakewa idan suna kawo tarihin magabata. Ana iya sauya wa barci wuri, ana iya raba shi biyu, jimlar ce ba ta taɓuwa. Manyan ƙungiyoyin likitocin barci biyu na Amurka sun fitar da matsaya a 2015 cewa baligi na buƙatar awa 7 ko fiye a kai a kai.

Akwai mutanen da gajeren barci ke isar su, gaskiya ne. Ying-Hui Fu ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco ta ba da rahoton wata uwa da 'yarta a 2009, masu wani sauyi a ƙwayar halitta da ake kira DEC2. Amma haihuwarsu aka yi da shi, ba horo suka yi ba, kuma su ma awa 6 da 'yan mintuna suke yi, ba 4 ba. Kai da bakinka ka ce awa 7 da rabi kake yi a da. Wannan shi ne gwargwadonka.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi damunka, wato aikin kansa. Ka tambayi kanka tsakani da Allah: a kwana 9 ɗin nan me ka gama? Sau nawa ka karanta layi ɗaya na manhaja sau uku ba ka gane ba? Sau nawa ka haɗa waya, kashegari ka warware? Abin da ke ba ni takaici game da wannan tsarin shi ne, yana sace daidai abin da mai irin sha'awarka ya fi buƙata. Kana koyon sabon abu, barci kuwa shi ne lokacin da abin da aka koya ke zaunawa. A Jami'ar Lübeck da ke Jamus, a wani gwaji da aka wallafa a 2004, an ba mutane wani aikin lissafi da ke da ɓoyayyar gajeriyar hanya wadda ba a gaya musu ba. Waɗanda suka yi barcin dare kafin su sake gwadawa sun gano ta fiye da ninki biyu na waɗanda suka zauna a farke. Duk mai gyara ya san wannan ko bai taɓa jin labarin gwajin ba: matsalar da ta gagare ka da dare, ka tashi da safe ka ga bakin zaren. Kai kuma ka sayar da wannan daren don ka sayi ƙarin awowin zama kana kallon matsalar.

Sannan aikinka ba na wasa ba ne. Ƙarfen dalma shi ne mai sauƙin ciki. Tsofaffin rediyo masu kwalba suna aiki da wuta mai ƙarfin ɗaruruwan bolt, kuma kafasita, wato ɗan abin da ke ajiye wuta a cikin na'ura, na iya riƙe caji bayan an zare waya daga bango. Ka fi ni sanin haka. Wanda ya manta ya sauke cajin sau ɗaya, da ƙarfe 4 na dare, kowa na barci a gidan, ba yatsa kaɗai zai ƙone ba.

Jiki ma yana biyan nasa kason a ɓoye. A Shikago a 1999 an taƙaita barcin samari 11 lafiyayyu zuwa awa 4 na dare 6 kacal, sai yadda jikinsu ke sarrafa sukari ya taɓarɓare a fili. A wani gwajin na 2015 da aka ɗiga wa mutum 164 ƙwayar cutar mura a hanci, masu barcin ƙasa da awa 6 sun ninka masu fiye da awa 7 kusan sau 4 wajen kamuwa. Garin neman gira ake rasa ido.

To yaya za ka fita? Ka koma lokacin kwanciyarka na da, ka bar jiki ya ɗauki abin da yake so. Kada ka yi mamaki in ka yi awa 9 ko 10 a dararen farko, ko ka tashi cikin magagi kana jin ka fi da gajiya. Gajiyar da aka danne ce ke fitowa. Kada kuma ka ɗauka dare ɗaya ya biya bashin. A wani gwaji da aka yi da direbobin manyan motoci a Amurka, bayan mako guda na taƙaita barci, dare 3 na cikakken barci ba su mayar da su yadda suke ba. Ka ba kanka mako biyu, kuma a cikinsu ka bar duk aikin da ke da wuta ko zafi.

Bayan nan sai a nemo lokacin, kuma akwai shi. Mako yana da awa 168. Cire awa 52 da rabi na barci, cire 45 na ofis, saura 70 da rabi. Hanya da wanka da cin abinci da iyali za su ci mafi yawansu, haƙƙinsu ne kuma. Amma kafin ka yanke hukuncin cewa babu saura, ka ɗauki ƙaramin littafi ka rubuta inda kowane rabin awa ya tafi har kwana 7, ka kuma buɗe wayarka ka duba lissafin da take yi na lokacin da ka ɓata a kanta. Ba zarginka nake yi ba. Gajiyayyen mutum yakan zauna da waya ne don ba shi da ƙarfin yin wani abu, kuma yana jin kwanciya da wuri kamar asarar yini ce. Wannan awa ɗaya ko biyun na ƙarshen dare, da ba barci ba ne ba kuma aiki ba, su ne dukiyar da za ka kwaso.

Ga yadda nake ganin za ka kwaso su. Ka ce da dare a gajiye kake, to ka daina ba wa abin da kake ƙauna ragowar ƙarfinka. Ka matsar da barcin gaba ɗayansa: in ka kwanta ƙarfe 10 ka tashi 5 da rabi, awa 7 da rabinka na nan cif, kuma kana da awa guda ko fiye kafin gida ya tashi, da kai wasai. Kada ka yi tsalle a dare ɗaya. Ka riƙa matsawa minti 15 zuwa 30 duk bayan kwana biyu ko uku, ka nemi haske mai ƙarfi da zarar ka tashi, ka rage fitilu da allon waya da dare, ka kuma riƙe lokacin tashi ɗaya har a ranakun hutu. Kofi ko shayi mai ƙarfi ka tsayar da shi da tsakar rana, domin rabin kafeyin ɗin da ka sha yakan kasance a jiki bayan kimanin awa 5. In ka gwada wata guda ka ga jikinka na masu dare ne, asubanci bai karɓe ka ba, to ka juya: ka yi ƙailula ta minti 20 da rana, ka yi aikinka bayan yaro ya kwanta, amma da ƙayyadajjen lokacin tashi daga tebur wanda ba ya cin awa 7 da rabin nan.

Ita ƙailula ka riƙe ta, ita ce abu mai kyau guda da za ka fita da shi daga wannan gwajin. NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta gwada ta a kan matuƙan jirgin sama masu doguwar tafiya a shekarun 1990: an ba su damar hutun minti 40, suka yi barcin kimanin minti 26, kuma natsuwarsu a ƙarshen tafiya ta fi ta waɗanda ba su yi ba. Gajeriya, da farkon rana, ƙari a kan barcin dare. In ta wuce rabin awa sai ka faɗa barci mai nauyi ka tashi da magagi, in kuma ta yi yamma sai ta ci na dare.

Sai maganar ayyuka uku. Ina zargin rashin lokaci ba shi kaɗai ya hana su ƙarewa ba. Mai awa ɗaya da ayyuka uku yakan ɓata rabinta wajen zaɓen wanda zai taɓa, da neman inda ya tsaya, da fito da kaya. Ka zaɓi ɗaya, wanda ya fi kusa da gamawa, ka kwashe biyun ka sa a akwati inda ido ba zai riƙa ganinsu yana tuhumarka ba. Ka bar teburin a shirye in akwai inda hannun yaro ba ya kaiwa. Duk ranar da za ka tashi daga aiki, ka rubuta a takarda abu ɗaya da za ka fara da shi gobe, ƙarami kuma bayyananne, kamar "auna wannan kafasita" ko "gwada layi na 40". Wannan 'yar takardar tana mayar da minti 45 su zama aiki na gaske. Abin da ba ya buƙatar tebur, kamar karatu da zana tsarin wayoyi, ka kai shi lokacin hutun ofis. In ka sami awa guda a ranakun aiki 5, da awa 3 a jere a ƙarshen mako, awa 8 ke nan a mako, 416 a shekara, daidai da cikakkun ranakun aiki 52 masu awa 8. Rediyo nawa za su yi magana a cikin wannan?

Waɗannan awa 3 na ƙarshen mako kuwa da matarka za ka shirya su, ba satarsu za ka yi ba. Ka fara da gaya mata cewa ta yi gaskiya, ka kuma gaya mata abin da ya faru a titi in ba ka riga ka faɗa ba. Kwana 9 tana zaune da mutumin da agogo ke tayarwa cikin dare, wanda ke ɓacewa ya kwanta da rana, wanda wataƙila fushinsa ya matso kusa ba tare da ya lura ba, domin rashin barci na rage haƙuri. Ka bayyana mata abin da wannan aikin yake a zuciyarka, ka nemi lokacin a fili, ka kuma tambaye ta wane lokaci ita ma take so na kanta wanda kai za ka riƙe yaron. Mai yiwuwa tana da nata akwatin da ta rufe tun da aka haife shi.

Akwai abu biyu da za su sa in ce ka ga likita. In bayan mako biyu ko uku na cikakken barci har yanzu gyangyaɗi na kama ka da rana, musamman in matarka ta ce kana minshari mai ƙarfi ko numfashinka na ɗaukewa cikin barci, to a duba ka, domin akwai ciwon da ke katse numfashi da dare, yana da magani, kuma yana iya zama tushen gajiyar da ta sa ka fara neman dabara. In kuma akasin haka ne, ka koma gado amma barci ya ƙi zuwa, kana jin ƙarfi da tunani na gudu kamar ba ka buƙatar hutu, kada ka ɗauke shi nasara, ka je da wuri. Rashin barci na iya tayar da larurar ƙwaƙwalwa mai sauya yanayi ga wanda ke da ita, yana kuma tayar da farfaɗiya.

Yatsan kuma ka kula da shi, ka rufe shi da abu mai tsabta, in ya kumbura ko ya fara ruwa a duba. Gobe ka nemi wanda zai kai ka ofis ko ka shiga motar haya. In ka yi wata guda a sabon tsarin, ka sake rubuto min ka gaya min wanne ka zaɓa cikin ukun, da inda ka kai da shi. Allah ya ƙara lafiya, ya kuma tsare hanya.